Gayyar Gonar Sulemanu

Duk wanda ya bi ta unguwarmu a Magajin Gari da hantsi zai ji ƙarar injin niƙa. In ya leƙa cikin rumfar zai ga wani dogon mutum, gari ya yi masa furfurar ƙarya har gira, hannu ɗaya na tura masara cikin inji, ɗayan na lalubar aljihu ko waya ta motsa. Ƙanena ne. Sunansa na yanka Mustapha, amma in ka kira shi da shi ba zai waiwayo ba, don tun yana goye Auta ake ce masa. Ni ce yayarsa Adawiyya, mai tuyar awara a bakin tasha. Ni na goye shi, saboda haka ina da ikon ba da labarinsa yadda na ga dama.

A ƙauyenmu aka haife shi, can bayan Dogon Dawa, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Ya gama firamare, ya ɗan taɓa sakandare, sai ya ce shi dai boko ya ishe shi. Baba bai yi masa faɗa ba, don tun bai fara gemu ba kunyar da yake tadawa a gona ta fi ta manya miƙewa. Ba shi da surutu ko kaɗan. Ka tambaye shi ya gari, ya ce maka lafiya, shi ke nan. Amma ka kuskura ka tambaye shi ya dawa, to nemi wurin zama.

Gonarmu ta yi iyaka da ta wasu Gbagyi, kuma ɗansu Solomon sa'an Auta ne. Bakin Innarmu bai iya Solomon ba, Sulemanu take ce masa, sunan kuma ya bi shi har yau. Tare suka yi korar birai a gona, tare suka sha dukan satar mangwaro, shekara ɗaya suka yi aure: Auta ya auri Karima, Sulemanu ya auri Laraba. Da Sallah Sulemanu ke riƙe mana ƙafar rago, da Kirsimeti kuwa Auta ya fi kowa cika ciki da shinkafar Laraba.

Abin da ya fi haɗa su gayya ce. A wajenmu in damina ta yi nisa aiki ya fi ƙarfin mai gona, sai matasa su haɗu su riƙa bin gonakin juna, yau ta wannan, gaba ta wancan, mai gona ya ba da tuwo da kunu, maganga na bin su a baya. Kuma muna da wata ɗabi'a: in mutum ya yi maka taka, ranar tasa ba ka jiran ya kira ka. Sammako ake yi. Ya zo ya tarar an ci rabin gonar, wannan shi ne girmamawa.

A daminarmu ta ƙarshe a ƙauye, an yi gayyar huɗa a gonar Auta. Ranar Sulemanu ya yi aiki har ganga ta bar kowa ta koma yi masa kirari. Gayya ta gaba a gonar Sulemanu za a yi ta. Kafin ranar ta zo, masu bindiga suka shiga ƙauyen da ke kusa da mu, da safe muka ga hayaƙin rumbunansu, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai ya kama hanya. Ba zan tsaya kan wannan ba, kowa a ƙasar nan yana da irin nasa labarin. Abin da zan faɗa shi ne, Karima ta fito da goyo da tukunya, ni na fito da Inna, shi kuma Auta da ya tashi ɗauka sai ya ɗauko garma. Garma fa! Har muka iso cikin Birnin Gwari Karima na yi masa mita.

Da ya samu aikin injin niƙa, ya rataye garmar a jikin azarar rumfa, can sama inda gari ke taruwa. Sulemanu shi bai tsaya nan ba, ya bi wani ɗan'uwan Laraba zuwa Suleja, ya samu gadi a gidan wani mai hali. Da farko suna waya kullum. A hankali hirar ta bushe. Me za a ce? Ya gida, ya yara, ka ji an ɗauke wane, ka ji wane ya rasu. Mutum biyu da ba su san wata magana ba sai ta gona, ga shi babu gonar. Aka koma sai wata ya zagayo ba su ji muryar juna ba, Auta kuwa ya ƙara zama shiru-shiru, har Inna ta fara cewa a nemo masa rubutu.

Wanda ya kawo gem, wasan nan na cikin waya, gidanmu Abdulfattah ne, yayan Karima, mai shagon cajin waya da sola. Shi ya nuna wa Auta irin wanda ake shiga da data, mutane daga ko'ina a duniya, kowa da ɗan mutuminsa a ciki, ana yawo, ana haɗa ƙungiya, ana faɗa da dodanni. Ranar da na fara gani na yi masa tatas. Na ce, "Auta, magidanci da kai, da 'ya'ya, kana bin dodo a waya? Ka ji kunya wallahi."

Ya ce, "To, Yaya," ya ci gaba da abinsa.

Wata rana da la'asar na kai niƙan waken suya, na tarar inji a kashe, Auta na ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Rabon da in ji wannan dariyar tun muna ƙauye. Sai na ji murya daga cikin wayar tana cewa, "Malam Auta, ka bar ni dodo na cina kana kallo? Zo ka ba ni magani mana!" Sulemanu ne. Ashe Auta ya jawo shi ciki. Shi Sulemanu mayaƙi ya zaɓa, Auta kuwa ya ƙi takobi, mai magani ya ɗauka, yana bin bayan jama'a yana tada waɗanda suka faɗi. Daga ranar na rage faɗa. Ban daina ba dai, na rage.

Wancan gem ɗin bai daɗe musu ba. Aka zo aka katse sabis a yankinmu, kafin ya dawo su daidaita, masu gem ɗin sun rufe shi. Daga nan Auta ya shiga wata irin rayuwa da ban taɓa gani ba: jiran sabon gem. A yi talla, ya ɗauki rai ya sa, ya yi ta ba Sulemanu labari, abu ya fito, kafin sati ka ga ya tsuke fuska. Wani ba ka motsi sai ka sayi kaya a ciki. Wani ya fi ƙarfin wayarsa, ta yi zafi kamar kaskona ta mutu. Wani kuma an shiga an tarar ba kowa. Duk da haka da an ce ga wani nan tafe, sai ka ga idonsa ya buɗe.

Sai ga wanda ya fi duka. Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakina, su dai Gandu suka laƙa masa. Ina cikin tuya Auta ya zo ya tura mini waya a fuska, har ya kusa jefa ta cikin mai.

"Yaya, kalli nan."

Na kalla. Fili kore shar, hadari ya haɗo, ga rumbuna, ga shuka ta yi kai. Sai ga wasu mutane a jere da kayan aiki a kafaɗa, ana kaɗa musu ganga, suka shiga wata gona, can suka fito da dammuna a ka.

"Kin gani? Gayya ce!"

Na ce, "Ni dai ban ga wanda ya sunkuya ba."

"Talla ce ai, ba za su nuna komai ba. Kowa za a ba shi gonarsa, kuma akwai maƙwabta, ana shiga gonar juna." Ya rage murya. "Zan biya Sulemanu ranarsa."

Na buɗe baki zan yi dariya, na dubi fuskarsa na fasa. Shekaru sun wuce, ni na ma manta an yi wata gayya. Ashe shi abin na zaune a ransa: an yi masa tasa, ta abokinsa ciyawa ta cinye, kuma bai taɓa samun bakin da zai ce masa ko yi haƙuri ba.

Shirin da ya yi wa Gandu ko na aurensa bai kai ba. Ya kwashe hotunan wayarsa ya zuba a ta Karima don a samu wuri. Ya canja batir. Shi da Sulemanu suka yi ta gardama a waya kan dawa za a fara shukawa ko doya, da inda ƙofar rumbu za ta duba, kai ka ce gobe za a yi shuka. Aka ɗaga ranar fitowa, aka sake ɗagawa. Duk wanda ya kai niƙa a lokacin ya sha labarin Gandu, har tsofaffin da ba su san inda ake kunna waya ba.

Ranar da aka buɗe, Auta ya rufe inji, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Ya zo tasha ya zauna a bencina, don nan sabis ya fi ƙarfi. Ashe duniya duka ta taru a ƙofa. Aka sa shi a layi. Lamba ta yi ta sauka, ta yi ta sauka, ya gyara zama, sai sabis ya ɗan ɗauke, a mayar da shi can ƙarshe. Haka ya wuni. Na ce, "Ko layin taki bai kai wannan ba."

Da ya samu shiga kuma, sai ƙorafi. Gonar ba ta kai tabarma biyu ba a ido. Ruwa na sauka ba hadari ba iska. Dawa ta nuna tsakanin azahar da la'asar, kuma a kunya ɗaya da doya. Ya ce, "Yaya, wanda ya yi abin nan bai taɓa riƙe fartanya ba." Sannan aka gano an raba jama'a zango-zango, shi yana wani, Sulemanu yana wani, ba mai ganin ɗan'uwansa. Dole Sulemanu ya goge nasa ya faro daga farko. Abdulfattah, da yake yana jin Turanci, ya ce ko'ina a duniya zagin masu gem ɗin ake, wai abin da aka nuna daban, abin da aka kawo daban. Mutane suka fara watsewa.

Auta bai watse ba. Shi abu ɗaya yake nema. An kulle hanyar shiga gonar maƙwabci sai mutum ya kai wani mataki, don haka ya duƙufa. Ya shuka, ya girbe, ya sake shukawa, yana tsaki yana dannawa. Karima ta ce ko tuwo aka ajiye masa sai ya huce.

Ran da hanyar ta buɗe masa, bai gaya wa Sulemanu ba. Ai ba a gaya wa mai gona. Ya nemi Abdulfattah da wasu direbobi biyu na tasha da su ma suke bugawa, ya roƙe su su taya shi. Da sassafe, ko kasko ban gama ɗorawa ba, suka hallara a bencina. Auta ya san a wannan lokacin Sulemanu ya tashi daga gadi yana barci. Har wanka ya yi ya sa riga mai kyau. Da tuyar farko ta fito, na zuba musu awara na ce, "Ga abincin gayya, kada a ce Birnin Gwari ta yi rowa." Suka yi dariya.

Suka zaɓi gonar Sulemanu, suka danna tare. Sai ga kiɗan nan na cikin talla.

"Yaya, kin ji gangar?"

Na leƙa ta kafaɗarsa. Ga 'yan mutanensu a jere sun shiga. Ga shukar Sulemanu ta yi kyau, an ga hannun manomi ko a waya. Auta ya danna, mutuminsa ya ɗaga hannu ya sara, dawa ta kwanta.

Ya ce, "A'a. Ai ba ta nuna ba, me ya sa yake yanka?"

Ya nemi wajen huɗa, babu. Ya nemi wajen cire ciyawa, babu. Duk abin da ya taɓa, sara ne. Direbobin su ma suna ta dannawa, shuka na ta zubewa. Sai ɗaya daga cikin 'yan mutanen ya nufi rumbu da wani abu mai haske a hannu.

Abdulfattah ya miƙe tsaye. "Auta, ku dakata! Wannan ba gayya ba ce, hari ne!"

"To mu fita!"

"Ba a fita sai an gama."

Muna kallo rumbun Sulemanu ya kama. Sun iya zana hayaƙi, wannan kam na ba su. Ya tashi baƙi ya karkata gefe, irin wanda muka waiwaya muka gani ranar da muka baro gida. Da aka gama, fuskar wayar ta cika da walƙiya da tafi, hatsin Sulemanu kaf ya koma rumbun Auta, aka sa wa sunansa wata jar alama da rubutu a ƙasa.

Auta ya ce, "Me suka rubuta?"

Abdulfattah ya yi kamar bai ji ba.

"Yaya Abdul, me suka rubuta?"

"Wai ka zama gwanin hari."

Auta ya kife wayar a kan benci. Tausayinsa ya kama ni har awarata ta ƙone ban sani ba. Abdulfattah ya yi ta bincike ko akwai hanyar mayar da hatsin, babu. A Gandu ba a kyauta. Ya ce ashe dama abin da aka gina gem ɗin a kai ke nan: ka noma don wani ya zo ya kwashe, kai ma ka je ka kwashe na wani. Tallar ba ta yi ƙarya ba, mu ne muka ga mutane sun shiga gona da ganga muka ɗauka irin tamu ce.

Kafin azahar wayar ta fara ƙara. Sulemanu. Auta bai ɗauka ba. Washegari ma haka, da jibi. Ya koma inji ya yi ta niƙa ba ya kallon kowa. Karima ta zo ta same ni ta ce, "Yaya, ɗan'uwanki fa ba ya cin abinci. Na ce masa wasa ne, ya ce in bar shi." Raina ya ɓaci, da shi, da masu gem ɗin, da ni kaina da na zuba awara. Abin da na fi tsoro shi ne zumuncin nan da ya sha da ƙyar ya zo ya mutu a kan dawar da ko kaza ba za ta ci ba.

Ana nan sai ga kira a wayata.

"Yaya Adawiyya, ina ɓarawon dawata?"

Na ce, "Sulemanu, ka kiyaye ni. Yaro na can ya rame kana mini dariya?"

Sai ya daina. Ya ce da ya farka ya ga gonar ƙurmus, ya ga sunan Auta a kai, gaskiya abin ya soke shi. Sai ya duba lokacin da aka shiga, ya ga sammako ne. Ya duba sauran sunayen, ya ga duk 'yan Birnin Gwari ne.

"Yaya, nan na gane. Gayya ya kawo mini. Na zauna a bakin gado na yi ta kuka, har Laraba ta zaci mutuwa aka yi."

Ni ma sai da na share ido da gefen zane.

Ya ce, "Ki gaya masa ina da gona a nan. In biya yake so, ya zo da ƙafarsa."

Na bar wa maƙwabciyata kasko na nufi rumfar niƙa. Na yi masa alama ya kashe inji, ya kashe.

"Auta, sauko da garmar nan."

Na faɗa masa saƙon. Ya sunkuyar da kai. "Yaya, da wane ido zan kalle shi?"

"Da wanda ka kalli wayar. Sauko da ita, ko in hau da kaina."

A lokacin hanya ta fara sauƙi, motoci na bi. Ya kai garmar wajen maƙeri aka gyara mata baki, ya naɗe ta a buhu, ya shiga motar Tegina. Ɗaya daga cikin direbobin da suka taya shi harin ne ma ya ɗauke shi, ya ƙi yarda Auta ya zauna a baya.

Da ya dawo, a bencina ya fara sauka, tafin hannunsa duk ya yi bororo, don inji ya lalata masa hannu. Na ce to ba ni labari, gonar babba ce?

Ya ce Sulemanu ya zagaya da shi bayan gidan da yake gadi. Tsakanin katanga da kwata akwai wani ɗan siririn fili, da 'yan kunyoyin masara da kuɓewa. Sulemanu ya tsaya ya nuna da hannu ya ce, "Malam Auta, gonar ke nan duka."

"Yaya, da na sake jiki, kafin kunu ya huce na gama."

"To sai aka yi yaya?"

Ya ce Laraba ta riga ta tuƙa tuwo a babbar tukunya, ta dama kunu cike da bokiti, abincin gayya sosai, na mutum biyu. Sai suka dubi juna, suka fara a hankali. Ciyawa ɗaya-ɗaya suka riƙa cirewa da hannu. In sun tada kunya, Sulemanu ya ce ta karkace, su rushe su sake. Laraba ta kife jarka tana kaɗa musu, tana yi musu kirarin da maganga ke yi a ƙauye. Haka suka ja aikin har aka kira azahar.

Na ce, "Alhamdulillahi. An biya, sai ka huta ka bar mu mu huta." Sai na lura hannunsa ba buhu. "Ina garmar?"

"Tana wurinsa."

"Ka manta ta?"

"A'a. Gayya ai zagayawa take, Yaya. Yanzu layi ya dawo kaina. Ya ce shi zai kawo ta ranar da za a shiga tawa."

"Taka ta cikin daji?"

"Ita."

Ya goge Gandu daga wayarsa a ranar. Gem kam bai daina ba, kwanan nan ma Abdulfattah ya zo da labarin wani sabo, na ga idon Auta ya fara buɗewa, na ce Allah ya shirya. Azarar rumfar tana nan ba komai a jikinta sai shatin inda gari bai taɓa ba. Duk motar da ta shigo tasha daga Dogon Dawa kuwa, sai ya kashe inji ya zo ya tambayi direba ko an yi ruwa a can, da inda masu komawa gona suka kai bana. Abin da aka faɗa masa, kafin ya koma rumfa ya kira Suleja.